Efdokiya Mai Gadin Gumaka

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, da hantsi, ƙararrawar cocin unguwar masunta ta soma bugawa a hankali, irin bugun da kowa a tsibirin nan ya san ma'anarsa. Kafin in isa kasuwa labari ya riske ni: Allah ya yi wa Efdokiya Karavela rasuwa tana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar mako biyu.

Efdokiya, shekara talatin kika yi kina gadin ƙaramin gidan tarihin garinmu. Aikinki shi ne ki zauna a bakin ƙofa, ki hana mutane taɓa gumakan marmara da fasassun tuluna. Karatunki bai wuce firamare ba. Ni kuwa na zo daga Atina, babban birnin ƙasarmu, ina koyar da tsohon harshenmu a sakandare, da digirina da girman kaina. A wurina labaran allolin kakanninmu abu ne na hadda da jarrabawa, shi ya sa ɗalibaina suka tsane su.

Ba zan manta ranar da na fara kai ajina wurinki ba. Na yi awa guda ina bayani suna hamma, na fita shan iska, sai na ji dariya ta ɓarke a ciki. Na dawo na tarar da ke gaban wani tulu mai zanen jirgin ruwa, kina ba su labarin jarumin nan da ya yi shekara goma a teku kafin ya koma gida daga yaƙi.

"Shekara goma fa!" kika ce. "Ni mijina Stamatis in ya makara awa ɗaya daga kamun kifi, sai ya yi bayani a tsaye. Wannan kuwa wai dodo mai ido ɗaya ne ya tsare shi. Ku ji ƙaryar maza!"

Wata yarinya ta nuna gunkin da ba shi da kai, ta ce, "Goggo, ina kan wannan?"

"Laccar malaminku ya ji, ya gudu."

Na ji zafin wannan magana. A ranar na rubuta ƙararki, na ce kina wulaƙanta gadon kakanni a gaban yara. Aka dakatar da ke wata uku. Wannan shi ne abin kunyar da ya fi kowanne nauyi a rayuwata, kuma yau nake faɗarsa a bainar jama'a.

Ba ki yi faɗa da kowa ba. Kika ɗauki kujerarki da saƙarki kika koma gindin babbar bishiyar dandali. Yara suka bi ki, sannan iyayensu mata, daga baya har tsofaffin gidan shan kofi suka jawo kujerunsu. Na sha wucewa in ji masunta na gardama kan ko laifin wa ne yaron nan na labarin kakanni mai fukafukan kakin zuma ya faɗa teku, nasa ko na ubansa, kamar jiya abin ya faru a bakin gaɓarmu. A jarrabawar shekarar, babu ɗalibina ko ɗaya da ya faɗi a wannan darasi. Na san ba aikina ba ne, amma girman kai ya hana ni zuwa wurinki.

Shekara huɗu bayan haka 'yata Irini ta rasu tana da shekara tara. Na rufe ƙofa, na daina zuwa makaranta. Wata safiya sai ga ki da tukunyar miyar kaza da lemun tsami. Kika zauna, kika ba ni labarin uwar nan da aka tafi da 'yarta ƙarƙashin ƙasa, ta bi duniya tana nemanta har amfanin gona ya bushe. Na koyar da labarin fiye da sau ɗari, amma ranar na fara jin sa. Ba ki sa wasa ko ɗaya a ciki ba. Na yi kukan da na kasa yi a maƙabarta, sannan na ce ki yafe mini.

"Haba Malam, na yafe tuntuni," kika ce. "Sha miyar nan kafin ta huce. Ranar Litinin kuma ka kawo mini yarana."

Na kai su, kuma ban daina ba har na yi ritaya. Ina tsayawa a bayan aji in saurara, wani lokaci in ɗaga hannu in yi tambaya, ki ce in jira layi ya zo kaina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Fotini da ɗanki Lefteris, da jikokinki shida, da dukan mutanen tsibirin nan da suka girma a gabanki. Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙanki, Efdokiya, ya yafe kurakuranki kamar yadda kika yafe nawa, ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.