Kubura da Kujerun Ladywood

Kubura Abdulsalami 'yar Zariya ce. Mijinta Maharazu ta biyo birnin Birmingham na Ingila lokacin da ya zo karatu, ya gama ya samu aiki, suka yi zamansu a unguwar Small Heath. Ita kuma ta kama aiki a wani gidan wuni na tsofaffi a unguwar Ladywood, tana haɗa musu shayi, tana raka su banɗaki.

Kujerun gidan na katako ne masu siraran ƙafafu, tun na shekarun 1960. Kubura ba ta ƙaunarsu. Zarni da warin taba sun kama soson, ko da me ta wanke ba sa fita.

Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukuma ta ce a rufe gidan. Ranar bankwana, tsofaffin suna cin biskit, wasu na share hawaye, sai ga wani dillalin tsofaffin kaya daga Manchester. Ko gaisuwa babu, ya hau shafa kujeru. Ya tsaya a kan Margaret, wata tsohuwa da ta haura tamanin, ya ce ta ɗan tashi zai duba tambarin da ke ƙasan kujerarta.

"Bawan Allah, ba ka ga shayi take sha ba?" in ji Kubura.

"Wannan kujerar 'yar Denmark ce," ya ce yana murmushi. "Dubi lanƙwasar hannun nan, yanzu ba a yin irinta. Masu tara su rububinta za su yi."

Margaret ta dafa Kubura ta miƙe. Ya kife kujerar, ya tsuguna yana ɗaukar hoto, ya bar tsohuwa a tsaye.

Ranar Kubura ta kasa cin abinci.

"Wallahi Abban Rabi'a, abin nan ya yi min ciwo," ta ce wa mijinta. "Shekara da shekaru ba wanda ya leƙo mutanen nan. Yau an taso tun daga Manchester ganin kujera."

Daga nan Margaret ta daina fita. Kubura kan hau bas ran Asabar ta kai mata miya gidanta, har hunturun da ta rasu. Mutum kaɗan ne suka je jana'izar. Kubura ta tsaya daga baya cikin hijabinta har aka watse, sannan ta wuce sabon aikinta na bin tsofaffi gida-gida tana kula da su.