Barewar da Ta Zo da Ƙafarta

Lokacin da aka ƙirƙiro jiha muka tare a Dutse, ni ƙaramin ma'aikaci ne mai ɗan karen surutu. Kullum a ofis ina ba da labarin ƙauyen mahaifiyata, can arewa da Garki, inda rairayi ya yi tudu-tudu, bareyi na kiwo a gindin aduwa. Ogana ya ji, ya ce lallai sai na kai shi da abokansa sun buɗe ido. Na tambaya ko kallo ne kawai, ya rantse mini kallo ne, har da nuna mini kyamara.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ke kula da wani kwari a tsakanin tuddan rairayin, inda tun kakanni aka hana farauta. Ba ya kai baƙo wurin, amma da na ce na tsaya musu, sai ya shiga mota ya nuna hanya. Wallahi wurin ya yi kyau. Rairayi fari tas, ga tsuntsun tuji na takawa da ƙasaita, ga bareyi can gefe. Da yake ba su san tsoron mutum ba, ɗaya ta taho tana shinshinar iska har kusa da mu. Ban ga lokacin da ogan nawa ya zaro bindiga daga ƙarƙashin kujera ba. Ƙara kawai na ji.

Tana shure-shure, su suna tafi. Kawu bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya yanka ta don kada ta zama mushe, ya ce in kwashe baƙina, shi zai koma da ƙafa. Na bi shi ina ba shi haƙuri a madadinsu, ya ce ba shi da magana da su, ai ba su suka ba shi baki ba. A hanya ogan sai dariya yake, wai dabbar daji ce, me ya yi zafi. Ni kuwa tsoron aikina ya sa na yi gum.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Bareyin sun bar kwarin. Mutanen gari suka karɓe tsaron wurin daga hannun Kawu, abin da ya gada daga ubansa. Shi kuwa azzalumin, ƙahon na rataye a falonsa yana bai wa baƙi labarin bajinta.

Jama'a, kada ku tsaya wa mutumin da ba ku isa ku tsawata masa ba, musamman a gaban danginku. Shi ya wuce abinsa, ni aka bari. Kawu ya ci gaba da amsa gaisuwata, amma da ciwon ajali ya kwantar da shi, kowa ya sa an aika wa, ban da ni.