Jar Fitilar Baƙin Mai a Hanyar Kalambaina

Ni mutum ne mai son a ce na sani. Tun ina yaro haka nake, kuma shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare ba su rage mini komai ba, sai ma ƙari. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya ɗora wa mota laifi, domin ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta wajen gargaɗina.

Motar ta aminina ce. Tare muka tashi a Ƙofar Atiku cikin Sakkwato, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Shi ya bi mahaifinsa fataucin shanu, Allah ya buɗa masa, ni kuma na kama alli. Yana ce mini Malam, ina ce masa Alhaji, amma duk da zolaya a ciki. Da ya sayo wata jar mota mai kujera biyu, gajera har sai ka durƙusa kafin ka shiga, na fi wata guda ina yi masa tsiya, wai mai shanu ya sayi abin da ko buhun dusa ba zai ɗauka ba. A zuci kuwa, wallahi, mutuwar sonta nake yi.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi, likitoci suka ce ya tafi Masar ya yi wata uku. Ana jibi zai tashi ya aika aka kira ni, ya zaunar da ni a kujerar direba a cikin garejinsa. Yana da ƙanne, yana da 'ya'ya manya, duk ya tsallake su. Ya ce su idonsu na kan motar, ni kuwa ba ni da rawar kai, shi ya sa zai bar mini amanarta.

Ya bi da ni allon da ke bayan sitiyari dalla-dalla. Irin wannan mota, in ji shi, zama ne ke kashe ta: batir ya mutu, tayoyi su kwanta. Don haka in tada ta Litinin da Alhamis, in zaga unguwa sau biyu, in maido ta. Ba ta da sandar nan da muke zarowa mu duba baƙin mai, sai dai ka tsaya a wuri mai daidai bayan injin ya ɗumama, ka danna wani maɓalli a sitiyari, allon ya nuna maka. Iskar taya ma lambobi huɗu ne a allon. Ya nuna mini jarkar wani ruwa mai launi, ya ce kada in kuskura in zuba mata ruwan famfo, kada kuma a wanke ta da tsakar rana. Ya hana ni hawa hanyar da ba kwalta, don cikinta a ƙasa yake. Daga ƙarshe ya dafa hannuna.

"Malam, in ka ga hitila rawaya, cewa take a duba ni. In ja ce, ko tsakiyar kasuwa kake, kashe ta."

Na ce masa ina tuƙi tun yana bin shanu da ƙafa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya miƙo mini makulli. Gaskiyar magana rabin bayanin ma ban saurara ba, hannuna na kan fatar sitiyarin ina shafawa.

Sati biyun farko na riƙe alkawari. A na uku na ce ai makarantarmu ma ba nisa, zagayen unguwa ne da ɗan ƙari. Ranar da na shiga da ita harabar makaranta, mataimakin shugaba ya fito daga ofis da kansa. Wannan mutumin ya shekara goma yana yi wa tsohuwar motata dariya, duk ranar da ta ƙi tashi sai ya tsaya a baranda yana tambaya ko a kaɗa ƙararrawa a tara masu turi. Ya zagaya jar motar, ya leƙa ciki, ya ce ashe Malam ana nan ana shiri a ɓoye, Allah ya sa alheri. Na amsa da amin, ban gyara masa ba. Daga ranar na lalace. Juma'a in bi ta Hubbare ina tafiya a hankali don baƙi su kalla, da yamma in miƙa titi in taka ta don in ji wannan gurnani nata.

Alhaji kan kira ni duk bayan kwana biyu ko uku. Ya tambayi iyali, ya tambayi gari, sannan ya ce ya mutuniyar. In ce tana nan lafiya, unguwa kawai muke zagawa. Sai ya ɗan yi dariya cikin muryar nan tasa da ta shige, ya ce madalla. A duk abin da ya koya mini na allon, wanda na ƙware a kai shi ne wanda bai koya mini ba: yadda ake mayar da lissafin tafiyar yini zuwa sifili. Kullum na dawo sai na goge shi, ina jin kaina wani mai wayo.

Wata Asabar a tsakiyar bazara aka yi ɗaurin auren wani malaminmu a Kalambaina. Mataimakin shugaba ya ce ai shi a motata zai je, ni kuma bakina ya ƙi cewa a'a. Gidan yana can bayan kwalta, ta wani lungu da manyan motocin ɗaukar dutse suka farfashe. Da zuwa na lallaba na wuce. Da dawowa kuwa, jama'a na tsaye suna kallo, sai na ɗan taka don su ji. Na ji wani ƙuuu daga ƙasa har cikin haƙorana. Mataimaki ya ce subhanallahi, na ce ba komai, haka take yi.

Ba mu yi nisa a kan kwalta ba wata 'yar alama ta fito a allon, kamar buta mai ɗigo, rawaya. Kafin in gama yi wa kaina bayanin cewa rawaya ba gaggawa ba ce, ta koma ja, ga rubutu ya cika allon, ga wani ƙara ƙit-ƙit-ƙit ba tsayawa. Na san abin da ake nufi sarai. Muryar Alhaji ma na ji a kunnena. Amma na dubi gefen titi, na ga motocin sauran malamai na biye da mu, na hango kaina tsaye a rana da babbar riga, bonet a buɗe, wannan mutumin yana tambaya ko a tara masu turi. Da mataimaki ya tambayi ƙarar mene ne, na ce tuni take yi mini lokacin sabis ya kusa. Na ƙara muryar rediyo.

A daidai nan wayata ta fara ruri a aljihu. Na zaro na ga Alhaji ne, na kife ta a cinya. Ta katse, ta sake, ta kuma sakewa, sau uku. Ina zan ɗauka, ga iskar hanya, ga baƙo a gefe yana saurare?

Sai da na kai mataimaki har ƙofar gidansa. Lokacin injin ya fara wani kaf-kaf a ciki. Na ja ta zuwa gidana, na rufe ƙofa, na kira bakanikena. Ya kwanta ya leƙa, ya fito ya ce kaskon baƙin mai ne dutse ya tsaga, man duk ya tsiyaye a hanya. Ya ce da na kashe ta tun lokacin da fitilar ta kama, da aikin yini ɗaya ne, amma yanzu ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe a ciki. Ya liƙe tsagar, muka zuba man da muka samu, fitilar ta mutu. Ƙarar dai ba ta mutu ba, tana nan ƙasa-ƙasa ga mai kunne.

Bayan la'asar na kira Alhaji na ce ina wurin ɗaurin aure ne ban ji waya ba. Ya tambaye ni ko lafiyata lau, na ce lau. Ya sake tambaya, na sake amsawa. Ya ce to alhamdu lillahi, bai ƙara komai ba. Na mayar da motar garejinsa, na wanke ta tas, na lulluɓe, ban sake fita da ita ba. Sati biyar ina shirya yadda zan gaya masa, kullum ya kira sai in ce unguwa kawai muke zagawa.

Ya dawo ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Sai da 'yan sannu da zuwa suka ragu, rannan da hantsi ya ce in raka shi ya gaida mutuniyar. Ya zauna a kujerar direba da ƙyar, ni ina gefe. Ya tada ta, ya sunkuyar da kai yana saurare, ya daɗe, sannan ya kashe. Ni kuwa na ƙura wa lissafin tafiyar ido, yana nan a sifilinsa.

Ya ciro wayarsa ya buɗe wata manhaja ya miƙo mini. Taswirar Sakkwato ce, an zana mata layuka shuɗɗa ko'ina: makaranta, Hubbare, bakin kasuwa, kowace fita da ranarta da gudun da aka yi. Ga layin Kalambaina, da jan ɗigo a tsakiyarsa. Ashe duk abin da allon ya nuna, wayarsa ma tana nunawa. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ce in daina wannan fuskar. Wai ranakun da ake ɗaura masa injin wankin jini, awa huɗu yana kwance ba abin yi, sai ya buɗe wayar ya bi ni. In na bi ta Hubbare ya tuna mai ƙosan nan da ke kan kwana, in na tsaya a kasuwa ya yi ta cankar abin da na tsaya saye. Ya ce yawon nan nawa ya ɗebe masa kewar gida fiye da duk masu kiransa, shi ya sa bai taɓa hana ni ba.

"Amma ranar da jar ta kama, Malam, ba don mota nika kiranka ba. Injin da ba mai yana iya cijewa kana tsakiyar gudu, ga manyan motoci a hanyar. Ina kwance da allura a hannu, ina kallon ɗigon yana tahiya, ina kira ba ka ɗauka."

Na miƙa masa wayarsa. Na fi jin kunyar wannan kira ukun fiye da injin, fiye ma da ƙaryar sati biyar.

Injin sai da aka sauke shi a wani gari, Alhaji bai taɓa gaya mini kuɗin da ya ci ba, kuma ya hana ni tayar da maganar. Bayan wata shida likitoci suka ce ya koma Masar. Na tabbata wannan karon wani ƙaninsa zai bar wa makulli, har na shirya yadda zan nuna ban damu ba. Ana gobe zai tashi ya aika aka kira ni gareji. Ya ɗora mini makullin a tafin hannu, sannan ya ciro wayar, ya danne manhajar nan a gabana har ta goge.

"Wannan karon ba ni dubawa. Abin da ka hwaɗa mini shi ke nan."

Ranar Litinin ta farko na tada ta, na zaga unguwa sau biyu, na tsaya a wuri mai daidai na duba mai da iskar taya. Da ya kira da yamma ya ce ya mutuniyar, na gaya masa tayar baya ta hagu ta ɗan rage iska, kuma na kankare mata gefen madubi da ƙofar gareji wajen shiga.