Kamilu Mai Yankan Ƙarfe

Kamilu mutumin Kucheri ne, amma a Gusau ya ƙarar da ƙarfinsa. Shekara goma sha huɗu yana kula da injin saƙa a wata masaƙa, har aka rufe ta. Da zaman banza ya ishe shi, sai ya koyi yankan ƙarfe da wutar gas a wurin 'yan gwangwan. A kawo masa matacciyar tirela da safe, kafin la'asar ya yi gunduwa-gunduwa da ita, a loda a kai kamfanin narkawa.

Wata rana maigidansa, Alhaji Mas'udu, ya sayi injinan tsohuwar masaƙar nan. Ya ce, "Malam Kamilu, kai ka san kansu, kai za ka yanka."

Kamilu ya shafa na farko, ya ga ko tsatsa ba ta ci shi ba. Ya ce, "Alhaji, wallahi wannan mai kawai yake so, zai tashi."

"Ya tashi ya saƙa ma wa? Kunna wutarka."

Ya kunna. Kwana tara ya yi yana yanka, bai iya cin abincin kirki ba.

Yanzu hasken wuta ya raunana masa ido, ya koma Kucheri wurin 'yarsa Bara'atu. Idan ta ce ai ba laifinsa ba ne, sai ya girgiza kai ya ce, "Na sani. Amma da na roƙa a ba wani, da an ba shi. Ban roƙa ba."