Karan Awon Farfela

Ranar wata Lahadi da hantsi, shekarar da nake aji huɗu na firamare, ana gab da fara cire albasa, na taka turmi na zaro wani kara daga saman rumfar Bappa Lawali. Ban taɓa ganin kara mai miƙewa irinsa ba, da za a ba shi hula da bindiga sai ya wuce soja. A lokacin ina haɗa motar kara wadda na rantse za ta kunyata ta kowane yaro a Damri, kuma ƙashin bayanta kaɗai ya rage mini. Na sa reza na datse kamar taki ɗaya daga ƙarshensa. Sai da guntun ya faɗo hannuna na ga baƙin shatin babban yatsa a jikinsa, na duba ɗaya ƙarshen na ga irinsa.  Yaron kirki da gudu zai je ya faɗa. Ni kuwa na lakato baƙin mai daga ƙarƙashin mota, na dangwala a sabon bakin, na mayar da karan inda na same shi, na fita ina fito kamar ba ni ba.

Motar da nake magana a kanta tsohuwar a-kori-kura ce ta kakanmu marigayi, wadda ta girmi babana a wajen yawan tari. Tun ina rarrafe take zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Kaji sun mayar da kujerar direba ɗakin haihuwa, mu kuma yara mun mayar da bayanta filin jirgi. In aka aike mu ɗebo ruwa ko yanko wa tumaki ciyawa, sai an biyo mu can da tsumagiya, a tarar mun riga mun wuce Maradun mun kusa Makka, ni ina tuƙi da baki, ƙanwata Balki tana karɓar kuɗin mota da ganye. Abin da ya kwantar da ita farfela ce, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke ɗauko ƙarfin inji daga giya ta kai wa aksil ɗin baya, ƙarfen da ke juya tayoyi. Ta karye a hanya tun Kaka yana raye, aka ba maƙeri guntayen ya ƙera fartanya da su. Har yau in kakarmu Inna tana noman rogo nakan ce mata da mota take aiki.

Bappa Lawali ƙanen babana ne. Manomi ne kamar kowa, sai dai shi ya yi wa Kaka yaron mota tun yana ɗan saurayi, ya san kukan kowane kusa a jikinta. Babana kuwa in ya dube ta ƙarfe kawai yake gani, kuma 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun fara zarya a ƙofar gidanmu suna yi masa doguwar gaisuwa. Sai 'yan'uwan biyu suka yi magana ɗaya a gaban Inna: in motar ta ɗauko albasar bana daga gonarmu ta Bakolori ta kai kasuwa, ta zauna, in ta kasa, a sayar. Daga ranar Bappa bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya ci tuwo a tsaye, ya yi alwala yana leƙen inji. Ranar da injin ya tashi, awakin unguwa suka tsallake katanga, wata tsohuwa ta fito da tasbaha tana tambaya ko tashin duniya ne. Saura farfela.

A gidanmu ba a san tef ɗin awo ba. Ko takalmin Sallah za a saya mana, tsinke ake karyawa daidai tafin ƙafa a tafi da shi kasuwa, takalmin kuma ya zo daidai. Haka Bappa ya yi. Ya zaɓi karan dawa mafi miƙewa a rumbu, ya kwanta rigingine ƙarƙashin motar, ya kafa shi daga wutsiyar giya zuwa bakin aksil, ya datse, ya dangwala yatsansa mai baƙin mai a kowane ƙarshe, ya ɗora a saman rumfa inda akuya ba ta kaiwa. Akuya ya yi wa shiri, ya manta da ni.

Ranar Talata ya ɗauke ni a babur zuwa kasuwar Mafara don in riƙe masa karan. Tun daga Damri har muka wuce Bakura ina addu'ar Allah Ya kawo iska ta karya shi, ko reshe, ko raƙumi ya miƙo wuya ya fizge. Ba abin da ya zo. Muka isa rumfar wani dattijo mai kayan tsofaffin motoci, gilashinsa ɗaure da zare. Bayan sun gaisa har sun tambayi lafiyar kaji, ya jawo farfela biyu daga cikin tarin ƙarafa, doguwa da gajera. Aka gwada karan, ya yi daidai da gajerar cif. Dattijon ya dubi Bappa ta saman gilashi.

"Malam, wagga ta ƙaramar mota salun ta. A-kori-kura doguwar taka ɗauka. In dai awonka daidai na, to an taɓa sauya maka aksil, ba na kamfani na ba."

"Motar mahaihina ta," in ji Bappa. "Tun da tah hito ba wanda yat taɓa ƙasanta sai ni. Ni niy yi awon da hannuna."

"To hannunka da kara sun hi ni sani."

Bappa ya ɗauki gajerar. Ni kuma, yana ɗaure ta a babur, na zagaya bayan rumfa na miƙa wa wani jaki karan. Ban taɓa ganin jaki mai yanga irin wannan ba. Sai da ya shinshina, ya dube ni, ya yi tunanin iyayensa, sannan ya fara taunawa.

Da la'asar muka iso gida, rabin unguwa ta taru. Bappa ya shige ƙarƙashi, ya ɗaura farfelar a wutsiyar giya, ya ɗaga ɗaya bakin zuwa aksil. Ta tsaya a iska. Tsakaninta da inda za ta kama akwai taki ɗaya, kuma ni kaɗai a duk Damri na san inda takin nan yake: yana ƙarƙashin gadon Inna da tayoyin tsohon silifa a jikinsa. Bappa ya tambayi karan, na ce jaki ya ƙwace. Da ya ba da labarin abin da dattijon ya faɗa, babana ya girgiza kai ya ce, "Ka ji ko, Lawali? Motar ga haɗe-haɗe ta. Kowa ya ɗan sa mata nashi. Mi kaka riƙo?"

Wannan maganar ta fi gajartar farfela yi wa Bappa ciwo. Washegari ya bar ma'aikata suna cirar albasa, ya ce sai ya tabbatar aksil ɗin na asali ne. Ya kankare dattin shekaru da wuƙa da kananzir har lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta fito, ya tofa mata yawu ya goge, ya ce ga ta nan yadda ya san ta. Bai gamsu ba. Ya ɗage bayan motar a kan kututture, ya karɓi allin makarantata ya yi zane a tayoyin biyu da bakin aksil, ya sa ni da Balki kowa ya kama taya ɗaya mu juya tare a hankali, shi yana kwance yana ƙirga zagayen bakin. Ya ce na salun ba ya wuce huɗu kafin taya ta zagayo, na a-kori-kura kuwa sai ya kusa biyar, don an yi shi ne saboda kaya, ba don gudu ba. Balki tana sauri tana barina a baya, muka yi ta maimaitawa har rana ta take. Kowane karo kusan biyar yake samu. Ya duba kusoshin sifirin ko aksil ɗin ya ja baya, ya ga tsatsarsu ko ƙwarzane babu. Ni dai in ban da fitsari ba abin da nake ji. Ko abinci aka zuba mini, sai in ga kara a cikin miya.

Daga ƙarshe ya yanko sabon kara ya sake awo, ya jera shi da farfelar a ƙasa. Karan ya ɗara ta da taki ɗaya. Ya daɗe a tsugune yana kallo. Na zaci zai yi faɗa, sai na ji ya ce wa babana a hankali, "Yaya, aksil lahiya lau yake. Idona na yab bar ni. Awo guda na kasa." Ya murza idanun da bayan hannu. Kaka da makanta ya ƙare, kowa a gidan ya san abin da Bappa yake tsoro. 

Balki ce ta gama aikin, ba tare da ta sani ba. Ta gaji da juya taya, ta shiga ɗaki ta jawo motata da zare, ta biyo da ita ta gaban Bappa tana yi mata hon. Ya sa hannu ya tsayar da ita. Ya juya ta, ya ga shatin yatsansa a gindinta. Ya zare tayoyin silifa, ya ciro guntun, ya ajiye a bakin gajerar farfela. Ya cike gurbin kamar tare aka haife su. Na riga na zaɓi katangar da zan tsallaka, sai na ji yana dariya, irin wadda ke fitowa da ƙwalla.

"Ashe ina gani," ya ce. "Kai Bashiru, taho nan, ɗan banza. Motar wa tah hi, tawa ko taka?"

Na ce tasa. Ya ja kunnena har na hango Sakkwato, amma bai bari babana ya ɗauko tsumagiya ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma yaran unguwarmu ba su haɗa motar kara, a waya suke tuƙa tasu. Gindin darbejiya ya zama fili, sai baƙin tabon mai da damina ta kasa wankewa. Hanyar da muke tafiya Makka da baki ma, yau ko da mota ta gaske sai an tambayi labari kafin a bi ta. Wani lokaci in na wuce wurin nakan ji ƙafata tana neman abin takawa.

A waccan shekarar dai, da Talata ta zagayo muka koma Mafara da sabon kara, wannan karon a hannun Bappa. Dattijon ya ce wani mutumin Tsibiri ya saye doguwar tun ranar Laraba. Albasa ta riga ta taru a gona, babana ya yi hayar mota ta kwashe. Bappa bai roƙi ƙarin lokaci ba, ya ce magana ce ya yi. 'Yan gwangwan suka zo suka yanka motar Kaka suka loda, shi kuma ya cire aksil ɗin baya ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. Yana nan ƙarƙashin amalanken shanunmu, kuma duk shekara ni nake kora shi zuwa Bakolori ɗaukar albasa.