Ramukan da Na Goge

Kafinta ne ni tun daga Zariya, karatuna bai wuce firamare ba. Da na zo Doha aka sa ni a ɗakin ƙere-ƙere na wata makarantar koyon zane, ina kula da injin da ke yanka katako da umarnin kwamfuta. Ɗalibai su zana, ni in ɗora katako, inji ya yanka.

A shekarata ta uku aka ba su aikin ƙera wurin wasan yara. Aka ce wanda ya fi kyau za a kafa shi a farfajiyar wata makarantar ƙananan yara a Madinat Khalifa. Cikinsu akwai wata yarinya, iyayenta 'yan Zongon Kumasi ne, amma a nan aka haife ta. Kawu take ce mini. Ta zana abin hawa mai siffar jirgin ruwa, da matakala da wurin ɓuya, ta yi wata biyu a kansa.

A zanenta, duk inda noti zai shiga ta sa a fafe rami mai zurfi, kan notin ya nutse, a toshe da guntun katako. Ramukan suna da yawa. Ranar Alhamis ce, motar da ke mai da mu masaukinmu a Bin Omran kuma ba ta jiran kowa. Sai na buɗe zanen na goge su, ban gaya mata ba. Na ce wa raina ramuka na rage ƙarfin katako. Gaskiyar ita ce ban so yarinyar da ba ta taɓa riƙe zarto ba ta koya mini haɗa katako.

Ranar Lahadi da safe muka haɗa jirgin a tsakar makaranta, ita tana ɗakin jarrabawa. Bayan azahar malamarsu ta zo dubawa. Ta ɗora tafin hannunta a kan wani noti, ta janye da sauri. Ƙarfen da ya wuni a ranar Doha, in ji ta, zai ƙone hannun yaro kafin ya sani. Ta ce ba za a kai wa yara wannan ba, ta tambayi yarinyar yadda aka yi ba ta yi wannan tunanin ba. Yarinyar ta dube ni sau ɗaya, sannan ta ba malamar haƙuri.

Ina tsaye a wurin, na yi shiru. Wannan shirun ya fi gogewar damuna har yau.

Washegari na je ofishin malamar, na haɗa Turancina da ɗan Larabcina na faɗi abin da na yi. Ta rubuta mini takardar gargaɗi, ta ba mu kwana uku mu sake yanka.

"Kawu, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka," in ji yarinyar da na same ta.

"Kar a ce ban sani ba, shi ya hana ni."

"To, yanzu an ce. Yalla, mu je, ɗauko katako."

Muka gama a kan lokaci, amma kwanakin da na ci mata sun hana ta yin fenti. Na wani ɗalibi aka zaɓa. Makin da aka rage mata dai an mayar mata, jirgin kuma aka ajiye shi a bayan makaranta, inda 'ya'yan ma'aikata ke wasa. Har ta gama karatu ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta daina gaishe ni ba.