Jikan Kafinta Ya Ƙi Waiwayowa

Ƙanena kafinta ne, kuma tun muna yara muryarsa kamar jan katako a kan siminti take: ga kauri, a shimfiɗe, ba hawa ba gangara. Da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa, da ita ya nemi aure. Yadda matarsa ta gane neman aure ne, har yau ban sani ba.

Da aka haifa masa jikan fari, ya ƙera gadon jariri mai santsi kamar bayan cokali. Kullum sai ya tsaya a kansa, ƙurar katako a gira, ya ce, "Kai. Ga ni." Yaron kuwa sai kallon rufi. Wata ya bi wata, bai taɓa waiwayowa ba.

"Yaron nan kurma ne," in ji shi. Ya hana kowa sakat, har surukarsa ta yi kuka. Dole muka kwashi jiki zuwa asibiti.

Nas ta zagaya bayan jaririn, ta siranta murya, ta ɗaga ta, ta sauko da ita a hankali kamar tsuntsu zai sauka a reshe. Nan take ya juyo.

"Baba, kunnensa garau," ta ce. "Kalma ba ta kai gare shi ba tukuna. Tashin murya da saukarta yake bi. Ka ɗan yi masa waƙa-waƙa mana."

"Ni? Da furfurata?"

A gida ya gwada, muryar ta fito kamar ƙarar ƙofa mai tsatsa. Matarsa ta dafe ciki don dariya. "Malam, rufa mana asiri, maƙwabta za su ɗauka akuya aka taka!"

Ya yi fushi ya koma shago, ya ce ya bar su da ɗansu. Amma ina ganinsa yana leƙen tagar ɗakin.

Ranar da surukar ta kai masa abinci da yaron a kafaɗa, guduma ta kuɓuce ta sami babban yatsansa. "Wayyooo!" Muryar ta cilla sama, inda ba ta taɓa zuwa ba.

Yaron ya juyo, ya dube shi ido cikin ido, ya washe dasashi.

Ƙanena ya tsaya riƙe da yatsa, idonsa ya ciko.

"Ja'iri," ya ce. "Wato sai na ji ciwo za ka san ni?"